Ƙarfin Zubar Ruwan Sama da Hauhawar Zafin Iska: Misali daga Legas

1.0 Gabatarwa

Ranar 10 ga Yuli, 2011, aka wuni ana tafka ruwa a Legas, har abin da ya sauka ya haura milimita 200, aka kuma yi asarar rayuka. Wannan maƙala za ta bayyana dangantakar irin wannan ruwa da zafin iska, tare da duba kalmomin da ya kamata a yi wa Hausawan Agege da Ojota bayaninsa da su.

2.0 Iska da Tururi

Gwargwadon zafin iska, gwargwadon tururin da take iya ɗauka. Iska mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas tana ƙoshi da kimanin giram 17 na tururi a murabba'in mita mai tsawo da faɗi da zurfi, amma idan ta kai digiri 30 sai ta ɗauki giram 30. Ke nan ƙarin kowane digiri ɗaya yana kawo ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. Ƙa'idar ta samo asali daga ayyukan Clapeyron (1834) da Clausius (1850). Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya nuna cewa ruwa mafi ƙarfi na kwana guda zai riƙa ƙaruwa da kusan wannan adadi, alhali jimillar ruwan shekara a duniya ba ta ƙaruwa da rabinsa ma. Ƙarin yana taruwa ne a 'yan kwanaki ƙalilan.

Ruwan sa'a guda yakan zarce haka. Lenderink da van Meijgaard (2008) sun gano a Holan cewa yana iya ninka wannan adadi, domin tururi idan ya koma ruwa yakan saki zafi, zafin kuma ya ƙara ingiza hadari sama.

Sai dai mazaunin Agege zai iya musawa, kuma da hujjarsa: zafin Legas ya fi tsanani a Fabrairu da Maris, ruwa kuwa ya fi yawa a Yuni. Amsar ita ce ƙa'idar iyakar abin da iska za ta iya ɗauka kawai ta faɗa. Sai damina ta turo danshin teku, an kuma sami abin da zai ɗaga iskar sama, sannan ruwa ya zuba. Bugu da ƙari, hadari da ruwan kansu suna sanyaya gari, don haka zafin da aka auna ranar ruwa yakan yaudari mai nazari. Shi ya sa masana suka fi dogara da ma'aunin danshi.

3.0 Matsalar Kalma

Hausa ta bambance yayyafi da mamako da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mamako daɗewa yake nufi, na ƙarshen kuwa ƙarfi. Amma masu fassarar hasashen yanayi sukan dunƙule su duka a "ruwa mai yawa", wanda a ganinmu kuskure ne. Milimita 60 a wuni guda magudana za ta iya kwashewa. Idan a sa'a ɗaya suka sauka bisa kwalta da siminti, ga shara ta toshe kwata, cikin shaguna za su kwana. Muna ba da shawarar a keɓe "yawan ruwa" ga jimillar abin da ya sauka, "ƙarfin zuba" kuma ga milimitar da ta sauka a sa'a guda.