Awa Takwas a Tsibiri: Abin da Ya Kamata Ku Sani Idan Jirgin Yawon Shaƙatawa Ya Tsaya a Karibiyan

Da sassafe, wajen ƙarfe bakwai ko takwas, jirgin ruwan zai jingina da tashar Nasso, babban birnin ƙasar Bahamas. Kafin la'asar sakaliya ya ɗaga. Awa bakwai ko takwas ɗin da ke tsakani su ne duk rabon fasinja da wannan tsibiri. Haka tsarin yake: jirgi ya yi tafiyarsa cikin dare, gari ya waye muku a wata ƙasa, ku sauka ku zaga, ku dawo ku kwana a cikinsa. Tafiyar mako guda daga Miyami ta Amurka takan ƙunshi tsayawa uku ko huɗu irin wannan.

Kada kalmar “jirgin ruwa” ta sa ka hango babban kwale-kwale. Icon of the Seas, wanda kamfanin Royal Caribbean ya fara aiki da shi a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja kusan 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Unguwa ce sukutum take tafiya a kan teku. Tashar Nasso kuwa, tun bayan gyaran da aka buɗe a 2023, tana karɓar jirage shida a lokaci guda. To ka ƙiyasta cunkoson da ƙaramin gari zai gani idan duk suka zazzage mutanensu a safiya ɗaya, kowa yana neman tasi, kowa yana neman bakin teku.

Saboda haka abin da ya fi ƙaranci a wannan yawo shi ne lokaci, kuma shi ya kamata a fara fahimta kafin a yi zancen wuraren kallo.

Akwai agogon jirgi, akwai agogon gari, kuma ba kullum suke daidai ba. Tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko misali ne. Jihar da tsibirin yake ciki ba ta matsar da agogo gaba a lokacin zafi kamar yadda Amurka take yi, don haka daga Maris zuwa farkon Nuwamba Miyami tana gaban Kozumel da awa ɗaya. Idan jirgi ya riƙe lokacin Miyami, wayarka kuma ta kama sabis ɗin gari ta gyara kanta, kana zaune kana ganin ƙarfe uku alhali a jirgi huɗu ta buga. Shi ya sa waɗanda suka saba suke ɗaura agogon hannu na gargajiya, su saita shi da na jirgi kafin su sauka. Sannan lokacin da aka ce kowa ya dawo yakan riga lokacin tashi da rabin awa. Wanda ya makara, jirgi ba ya jiransa. Wakilin kamfanin a tashar shi zai taimaka masa da hanya, amma kuɗin otal da tikitin jirgin sama zuwa zango na gaba daga aljihunsa za su fito. Lambar wayar wakilin tana cikin takardar da ake rabawa kullum. A ɗauki hotonta kafin a fita.

A wasu wuraren ma jirgi ba ya isa gaɓa. A Jojtawun, babban birnin tsibiran Kayman, babu matsayar manyan jirage, sai su tsaya can cikin ruwa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Layin shiga da na dawowa kaɗai na iya cinye awa guda, idan kuma teku ta yi fushi a soke saukar gaba ɗaya. A watan Afrilun 2025 an tambayi mutanen Kayman a ƙuri'ar raba gardama ko a gina matsayar, suka ce ba sa so. Wannan ya nuna cewa ba kowane ɗan tsibiri ne yake murna da yawan baƙin ba.

Yawo iri biyu ne: wanda ka saya a hannun kamfanin jirgi, da wanda ka shirya da kanka. Na kamfani ya fi tsada, domin kamfanin yana yankar kamashonsa kafin ya miƙa sauran ga ɗan garin da zai yi ainihin aikin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Amma yana da fa'ida ɗaya babba: idan motarsu ta makara, jirgi zai jira, in kuma ba zai iya ba su za su ɗauki nauyin kai ka inda yake. A ganina ma'aunin ba shi da wuya. Wurin da yake nesa, ko wanda sai an sake tsallaka ruwa, a bi kamfani. Mai son ganin kangon birnin Tulum na mutanen Maya daga Kozumel sai ya hau fito na kusan minti arba'in da biyar, sannan ya shiga mota, ya kuma maimaita hakan a dawowa. Wannan ba tafiyar da za a yi kasada da ita ba ce. Wurin da yake kusa kuwa, ka fita ka yi cinikinka da direba, kuɗin ya shiga hannun mai shi. Ku dai gama magana kafin ka shiga: nawa ne, na mutum ɗaya ne ko na mota duka, zuwa ne kawai ko har da dawowa, kuma da wace dala, tunda Jamaika da Barbados da Kayman kowacce dala take kiran kuɗinta. A Jamaika tasi mai lasisi jar lamba gare ta.

Da ka sauko, abin da zai fara tarar ka shi ne jerin kantuna masu sanyin na'ura: gwala-gwalai, agoguna, turare, riguna masu sunan tsibirin. Za ka ga kusan kantuna iri ɗaya a kowace tasha, kuma da yawa daga waɗanda ake yabawa a laccar sayayya ta cikin jirgi biya suke yi a ambace su. Akwai masu ƙare ranarsu a nan, su koma suna cewa sun ga Bahamas. Kamar wanda ya sauka a filin jirgin Kano ne, ya sayi kilishi a harabar, ya juya yana ba da labarin Kurmi da Dala. Kamfanonin ma sun ƙara gaba, sun keɓe wa kansu wurare, irin su CocoCay na Royal Caribbean da Castaway Cay na Disney, duka a Bahamas. Yashi fari, ruwa garai-garai, tsabta da tsaro, yara za su ji daɗi ƙwarai. Sai dai babu gari a wurin, babu kasuwar mutane, babu wanda za ka gaisa da shi in ba ma'aikaci ba.

A Nasso, tafiyar ƙafa ta kamar minti ashirin daga tasha za ta kai ka wani wuri da ya cancanci a tsaya. Matakala ce mai hawa 66 da ake kira Queen's Staircase, wadda bayi suka sassaƙa da hannu cikin dutse tsakanin 1793 da 1794, tana kaiwa ga ganuwar Fincastle da ke kan tudu. Daga baya aka laƙaba mata sunan Sarauniya Biktoriya. Sunayen masu sassaƙar kuwa ba a rubuta su a jikin dutsen ba. A kan titin Bay, kusa da kasuwar kayan saƙa, akwai gidan tarihi na Pompey, a cikin ginin da a da ake gwanjon bayi, an kuma sa masa sunan bawan da ya jagoranci bore a tsibirin Ekzuma a 1830. Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma ba zai kalli waɗannan wurare da idon da Bature zai kalle su ba. Fuskokin da ke sayar maka da tsaraba jikokin mutanen da aka kwaso daga gaɓarmu ne, kuma cikin waɗanda aka kwasa har da masu ilimi. Abubakar Siddiƙ, haifaffen Timbuktu, ya shafe kusan shekara talatin yana bauta a Jamaika kafin a 'yanta shi a 1834, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, a ciki har ya ambaci cewa mahaifiyarsa Hafsatu tana da laƙabi na Hausa. Wannan ba ya cikin tallan da ake liƙawa a jirgi.

Sauran wuraren da aka fi rububi na ruwa ne. A Ocho Riyos ta Jamaika akwai magangarar Dunn's River, inda ruwa ke gangarowa kan duwatsu masu hawa-hawa, tsayin kusan mita 55, har ya faɗa teku. Ana hawanta a jere, kowa riƙe da hannun na gabansa, jagora yana gaba. Takalmin roba mai kama ƙasa wajibi ne, domin santsi ba ya sanin babba. A Kayman ana kai mutane wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, Stingray City, inda ruwan bai wuce ƙugu ba, wasu kifaye masu faɗi kamar faifai da dogon bindi su zo suna gogar ƙafafunka don sun saba da a ba su abinci. Kozumel kuwa tana gefen jerin duwatsun murjani na biyu a girma a duniya, bayan na Ostireliya. Ba sai ka iya nutso ba: tabarau, da 'yar mesar numfashi, da rigar da ke hana nutsewa, ka kwanta a saman ruwa kana kallon kifaye masu launin atamfa. Wanda ba ya son jiƙa akwai ƙananan jirage masu gindin gilashi.

Tsibirin Sen Martin abin kallonsa daban ne. Faransa da Holan suka raba shi tun 1648, don haka cikin rabin awa a mota za ka bar wata ƙasa ka shiga wata ba tare da shinge ba. A bakin tekun Maho, wanda ke manne da filin jirgin sama na Princess Juliana, jirage suna sauka ta saman kawunan mutane, har ka ga tayoyinsu fes. Kallo daga gefe ya isa. Masu riƙe wayar shinge don iskar injin jirgi ta kaɗa su wasa da rai suke yi, kuma a 2017 wannan iska ta yi ajalin wata mata a wurin.

Duk waɗannan ba a tasha ɗaya suke ba, kuma ko a tasha ɗaya taura biyu ba ta taunuwa. Abu ɗaya babba a rana, sai ɗan zagayen kasuwa a hanyar dawowa, ya fi a yi ta tsere tsakanin wurare huɗu ana duba agogo.

Teku ba kogi ba ce, ba kuma tafki ba. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko gulbi ya sani cewa akwai igiyar ruwa mai jan mutum ciki daga bakin gaɓa, ba ta kuma bayyana ga idon baƙo. Jar tuta tana nufin kada a shiga. Wanda bai iya iyo ba ya faɗi gaskiya ya karɓi rigar kariya, babu abin kunya a ciki. Baƙar fata ma tana ƙonewa idan ta wuni tsakanin rana da ruwan gishiri, sai dai a duba man da za a shafa, domin Aruba da tsibiran Birjin na Amurka sun hana masu ɗauke da sinadarin oksibenzon saboda yana cutar da murjani. Akwai kuma wata bishiyar bakin teku, mancinil, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa. Guba ce daga ganye har 'ya'ya, ruwan saman da ya ɗigo ta jikinta ma yana sale fata. A wurare da dama ana shafa mata jan fenti. Duk daɗin inuwarta, a nemi wata.

Musulmi yana da nasa abin lura. Giyar rake da ake kira ram tana shiga lemon tarbar baƙi da kek ɗin tsaraba, sau da yawa ba tare da an faɗa ba, don haka a tambaya. Gashin Jamaika mai yaji, jak, ana yin na kaza ana yin na alade, wani lokaci a kan waya ɗaya. Kifi shi ne mafita, kuma a nan tsibiran ba su da na biyu. A Arawak Cay ta Nasso ana soya kifi da wani ƙaton dodon-koɗin teku da 'yan Bahamas ke ji da shi. Masallatai akwai su amma jefi-jefi: akwai a Nasso, akwai a Birijtawun ta Barbados, a Tirinidad kuwa suna da yawa. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce mai karkata zuwa arewa.

Kada a saka tufa mai zanen kakin soja, ko hula ce ko wandon yaro. Laifi ne a Barbados da Jamaika da Sen Lusiya da wasu maƙwabtansu. Ɗan Najeriya dai ba baƙon wannan doka ba ne. A kula da tsallaka titi, domin a Bahamas da Jamaika da Barbados da Kayman ta hagu ake tuƙi. Batun biza kuma a warware shi tun a gida, ƙasa bayan ƙasa, har da wadda jirgin zai tashi daga cikinta, domin kamfani na iya hana ka hawa tun farko idan takardar tasha ɗaya ba ta cika ba. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo, da yawa cikin tsibiran suna nemansa daga wanda ya fito daga yankinmu.

Disamba zuwa Afrilu shi ne lokacin da ya fi daɗin yanayi, shi ne kuma ya fi tsada da cunkoso. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne: farashi yana sauka, amma kyaftin na iya sauya hanya dare ɗaya, tsibirin da ka ci buri a kansa ya fita daga lissafi. Tun 2011 kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa, sargasum, takan taru a gaɓoɓin da ke fuskantar gabas a watannin zafi, ta ruɓe tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Direban tasi ya san gefen da take a wannan makon, tambayarsa ta fi kallon hoton talla.

A hanyar dawowa a bar wa cunkoson mota awa guda, tunda dubban da suka fita da safe duk lokaci ɗaya suke juyowa. A bakin jirgi za a duba katinka, a saka jakarka a na'ura. Mangwaro da ɗanyen nama da tsirrai ba sa wuce kwastan ɗin Amurka a ƙarshen tafiya, don haka tsarabar da za ta iso gida ita ce irin su gahawar Blue Mountain ta Jamaika, da kayan yaji a kwalba, da kwandon saƙa na matan kasuwar Nasso, wanda farashin farko da za a faɗa maka ba shi ne na ƙarshe ba.