Daga Filin Ƙanƙara Zuwa Hannun Wanda Gobara Ta Ci: Yadda Kulob-Kulob Ɗin Ƙwallon Gora Ke Tara Gudunmawa

Duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu a harkar saye da sayarwa ya san abin da ake nufi da gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta sake kamawa a 2009, haka nan kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016. Mun kuma san abin da ke biyo baya: a yi jaje, a kafa kwamiti, a buɗe gidauniya, sannan a shiga jiran rabo. To, a cikin shekarar nan ta 2016, can a ƙasar Kanada, wuta ta tashi gari guda cur, kuma cikin waɗanda suka fara fitowa neman taimako har da kulob-kulob ɗin wani wasa da yawancinmu sai a talabijin muka taɓa gani, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu yadda suke yi, domin akwai lissafi a ciki wanda ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa.

Wane irin wasa ne?

Turawa na kiransa hoki. Ana yin sa ne a kan daɓen ƙanƙara cikin rufaffen zaure, ƴan wasa na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da gudun tsiya. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron gida, kowa da sandarsa mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Babbar hukumar gasar ƙwararru ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917, kuma a yau tana da kulob 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yawan jama'a. Galibin zaurukan nan na ɗaukar mutum 17,000 zuwa 21,000, kuma kowane kulob na yin wasa sama da 40 a gidansa a kowace kaka. Ke nan kulob guda tamkar kasuwa ce mai ci sau ɗaya ko biyu a mako, ga kuma miliyoyin da ke kallo daga gida. A Kanada matsayin wasan nan a zukatan mutane ya yi daidai da matsayin kokawa a Nijar lokacin gasar takobi.

Ranar da aka kwashe gari

Fort McMurray gari ne na ma'aikatan man fetur a arewacin lardin Alberta, kimanin kilomita 435 daga birnin Edmonton, daji kewaye da shi ta ko'ina. A ranar 1 ga Mayu, 2016, wutar daji ta tashi kusa da garin, ranar 3 ga wata kuma ta shigo unguwanni. Hukuma ta ba da umarnin kowa ya fita. Mutum wajen 88,000 suka bar gidajensu, ga shi babbar hanya ɗaya ce tak ke fita kudu, motoci suka yi jerin gwano cikin hayaƙi. Gidaje da gine-gine kimanin 2,400 suka ƙone, kuma sai a farkon watan Yuni aka fara barin mutane su koma.

Lardin Alberta na da manyan kulob biyu, Edmonton Oilers da Calgary Flames, waɗanda ba sa ga-maciji da juna a fili. Amma cikin ƴan kwanaki kowannensu ya sanar da ba da dalar Kanada 100,000 ga ƙungiyar agaji ta Red Cross, ita ma hukumar NHL ta ba da kamar haka. A nan sai mu ja hankalin ƴan'uwa na ɓangaren sefa cewa ba dalarmu ta tamma biyar ake nufi ba. A wancan lokaci dalar Kanada guda ta kai wajen sefa 450, saboda haka dala 100,000 ta tasam ma sefa miliyan 45.

Wani abin lura shi ne, a shekarar babu kulob ɗin Kanada ko ɗaya da ya kai zagayen neman kofin Stanley, wato lokacin da wutar ta tashi duk zaurukansu babu wasa. Waɗanda ke da taron jama'a a hannu su ne kulob-kulob ɗin ƙetaren iyaka. Ɗaya daga cikinsu, St. Louis Blues ta Amurka, tana da ɗan wasa mai suna Scottie Upshall, haifaffen Fort McMurray. Garinsu na ci da wuta yana tsakiyar gasa, sai kulob ɗinsa ya ware abin da aka tara a wajen ƴan kallo a wasan gida domin mutanen garin. Mu da ke zaune a bakin iyaka ba baƙon abu ba ne a gare mu, don mun san in wuta ta kama a Jibiya, har Maraɗi ake jin zafinta.

Ƙofofin da kuɗi ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce aljihun mai kulob ko asusun taimako na kulob ɗin, domin kusan kowannensu na da irin wannan asusu mai rajista da ma'aikatansa tun kafin wani bala'i ya auku. A 2017, bayan guguwar Irma ta ratsa jihar Florida, kulob biyu na jihar, Florida Panthers da Tampa Bay Lightning, tare da NHL da ƙungiyar ƴan wasa, sun haɗa dalar Amurka miliyan 2.7.

Ta biyu ita ce gwanjo. Bayan guguwar Katrina ta 2005, ƴan wasa sun sa riguna masu ɗauke da tambarin agaji a wasanninsu na buɗe kaka, daga baya aka yi gwanjon rigunan. Rigar da fitaccen ɗan wasa ya yi gumi a cikinta takan ninka kuɗinta na kanti sau da yawa, kuma wannan ribar ce ke tafiya asusun agaji.

Ta uku ita ce kuɗin ƙofa. A watan Nuwamba na 2012, guguwar Sandy ta riga ta yi ɓarna a gaɓar New Jersey da New York, ga shi kuma an rufe gasar NHL saboda taƙaddamar kuɗi tsakanin masu kulob da ƴan wasa. Duk da ba a biyan su albashi a lokacin, ƴan wasan suka shirya wasan sada zumunta a Atlantic City ranar 24 ga wata, mutum sama da 10,000 suka shiga, aka tara kimanin dalar Amurka 500,000. Haka zalika a watan Oktoba na 2024, bayan guguwar Helene, kulob ɗin Carolina Hurricanes ya karya kuɗin shiga wani wasan share fage zuwa dala 10, ya kuma ba da kuɗin ƙofar ga agaji.

Ta huɗu ita ce wadda suke kira rabi-da-rabi. Ƴan kallo na sayen tikiti mai lamba, a ƙarshen wasa a fidda lamba ɗaya, mai ita ya kwashe rabin kuɗin, ɗaya rabin ya tafi asusun kulob, inda a nan ma sai an cire kuɗin gudanarwa. Ba sai mun tsawaita ba, wannan caca ce ko da wane suna aka ba ta, kuma ba ita muke nuna wa jama'armu ba. Mun kawo ta ne don mai karatu ya san tana cikin hanyoyinsu.

Bari mu buga lissafi

Yanzu mu koma Fort McMurray da alƙalami a hannu. Abin da Red Cross ta Kanada ta tattara domin wannan gobara ya kai dala miliyan 323. Daga ciki, miliyan 189 gudunmawar jama'a da kamfanoni ce, miliyan 104 daga gwamnatin tarayya, miliyan 30 daga gwamnatin Alberta. In aka ɗora dala 100,000 ta kulob guda a kan wannan sikeli, ba ta kai kashi ɗaya cikin 3,000 ba.

To, mene ne amfaninta ke nan? Amfaninta irin na Alhajin da ake kira ya buɗe gidauniya ne. Ba kuɗinsa ne ke cika ƙwarya ba, amma da zarar an yi shelar ya bayar, sai na baya su ji nauyin zama hannu rabbana. Kulob na da abin da ƙungiyar agaji ba ta da shi: suna, da amon murya, da dubban mutane masu jin maganarsa. In aka haska a babban allon zaure cewa a aika saƙon waya a ba da dala biyar ko goma, a daren nan kaɗai dubbai za su aika.

Akwai kuma wata dabara da ta ƙara wa kuɗin talaka auki. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin cewa duk dalar da mutum ya bayar daga aljihunsa zuwa ƙarshen watan Mayu, ita ma za ta ɗora dala guda a kai. Saboda haka goman ɗan kallo ta zama ashirin. Kiran da kulob ya yi wa magoya bayansa ya fi cekin da ya rubuta nauyi nesa ba kusa ba.

Lissafi na ƙarshe shi ne mafi ɗaci. Kamfanonin inshora sun ƙiyasta abin da za su biya a kan wannan gobara da kimanin dala biliyan 3.6, wato ya ninka duk kuɗin agajin nan fiye da sau goma. Ma'ana, gudunmawa ta ciyar da mutane, ta tufatar da su, ta biya musu haya na ɗan lokaci, amma ba ita ta sake gina garin ba. Ɗan kasuwar da ya zuba dukkan jarinsa a rumfa ɗaya yana sa ran gidauniya za ta mayar masa in ta ɓaci, ya dubi wannan adadi da kyau.

Wurin rabo ake gane amana

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, kulob-kulob ɗin nan ba su ce sai sun raba da hannunsu ba. Sun tara, sun miƙa wa mai aikin. Ita kuwa Red Cross rajista ta fara yi wa waɗanda aka kwashe, kuma kafin a cika mako biyu ta fara tura dala 600 ga kowane babba da 300 ga kowane yaro, kai-tsaye, galibi ta asusun banki. Dala 600 ta kai wajen sefa 270,000. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, babu ɗan gida, babu baƙo, babu sai ka san wani.

Shekara biyu bayan haka aka ga yadda rabo ke da wuya ko a can. A ranar 6 ga Afrilu, 2018, wata babbar mota ta yi karo da bas ɗin wani kulob na matasa mai suna Humboldt Broncos a lardin Saskatchewan, mutum 16 suka rasu, 13 suka ji rauni. Washegari ƴan wasan Winnipeg Jets da Chicago Blackhawks suka fito fili da sunan Broncos a bayan rigunansu maimakon nasu sunayen. Gidauniyar da aka buɗe ta intanet ta tara sama da dala miliyan 15 cikin kwana 12.

Tarawa ta ɗauki kwana 12, amma rabo sai da ya kai watan Nuwamba. Lardin na da doka a kan kuɗin da aka roƙa daga jama'a, don haka maganar ta je gaban alƙali. An fara ba kowane gida cikin 29 dala 50,000 na rage zafi, aka naɗa kwamitin mutanen da ba su da rabo a ciki, suka saurari iyalan, sannan kotu ta amince da jimillar dala 525,000 ga iyalan kowane mamaci da 475,000 ga kowane mai rai. An yi ta muhawara a kan ko a raba daidai wa daida, amma dai a bainar jama'a aka yi ta, kuma kowa ya ji adadin.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu rasa taro ba, ba mu kuma rasa hannun bayarwa ba. Filin kokawa na cika ya batse, ana shelar kari ga ƴan kokawa da sunan mai bayarwa da adadin abin da ya bayar. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, da na direbobi, da na ƴan canji, duk suna da jama'a kamar yadda kulob ɗin hoki ke da su, kuma adashi da karo-karo ba wani ne ya koya mana ba. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne tsakanin ƙwaryar gidauniya da hannun wanda aka tara dominsa.

Mutanen ƙanƙara ba su fi mu tausayi ba. Abin da suka yi shi ne, asusunsu na nan tun kafin wuta, mai tarawa daban, mai rabo daban, sunayen waɗanda abin ya shafa na rubuce, kuma ana karanta adadi a fili. Kowace kasuwa a bakin iyakar nan na iya buɗe littafin rumfuna yau, a rubuta mai rumfa da ɗan haya da irin hajarsa, a kuma amince da ƙa'idar rabo tun ana zaune lafiya, domin ranar da hayaƙi ya tashi ba ranar tantance mai gaskiya ba ce. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu daga gobara da ambaliya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, amin.