Rini ko Mutuwa: Bambancin "Dyeing" da "Dying" a Rubuce-rubuce kan Marinar Ƙofar Mata

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana cikin wuraren tsohon birnin Kano da aka fi rubutu a kansu da Ingilishi. Mai irin wannan rubutu, ko mai fassara shi, ba makawa ya haɗu da kalmomi biyu masu furuci ɗaya: "dyeing" da "dying".

Tushen ta farko "dye" ne, wato rina. Ta biyu kuwa daga "die" take, wato mutu. A ƙa'idar rubutun Ingilishi, aikatau mai ƙarewa da "ie" yakan mayar da su "y" kafin ɗafa-ƙeyar "ing", kamar yadda "tie" ke zama "tying". Ta haka "die" ta zama "dying". Ita kuwa "dye", da a ce ta yar da "e" kamar yadda "make" ke yi a "making", da su biyun sun zama abu guda a takarda, shi ya sa aka bar mata harafin.

Haɗarin shi ne jimla ba ta lalacewa idan harafin ya faɗi, ma'ana kawai ke juyewa. "Dyeing industry" sana'ar rini ce, "dying industry" kuwa sana'a ce mai gargarar mutuwa. Da yake rinin gargajiya ya daɗe yana fama da yadudduka masu araha daga ƙasashen waje, kuma ramuka da dama a Ƙofar Mata sun daina aiki, mai karatu ba zai zargi kuskure ba. Zai ɗauka hukunci ne marubuci ya yanke wa sana'ar da Heinrich Barth ya tarar tana bunƙasa a 1851. Manhajar gyaran rubutu ma ba lallai ta ankara ba, domin kowacce halastacciyar kalma ce.

Abin sha'awa, Hausa tana da kishiyar wannan matsala, kuma a bakin ramin rini. "Baba" mahaifi da "baba" shukar da ake rini da ita, haka "marina" wurin aiki da "marina" masu aikin, karin sauti yana raba su a kunne, amma rubutun boko na yau da kullum ya haɗe su. Kalmomin Ingilishin nan biyu kuwa ido ne kaɗai ke raba su. Mai fassarar da ya ji su a rediyo ba shi da madogara sai muhallin zance.