Ingal: daɗin shanya a rana, da abin da ya kamata mai wanki ya sani

A Ingal, wanki ba ya kwana a kan igiya. Matar da ta gama ɗauraya da hantsi takan kwashe kayanta a bushe tun ba a kira azahar ba, in kuwa bazara ce, zanen da aka fara shanyawa kan bushe kafin a matse na ƙarshe. Wanda ya taɓa zama Kwatano ko Abijan a tsakiyar damina, inda riga ke kwana biyu a rataye tana warin danshi, ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Sai dai ranar da ke busar da kaya ita ce kuma ke koɗar da atamfa, iskar da ke taimakon mai shanya ita ce ke kawo ƙura. A garin da ruwa da sabulu da sutura duk kuɗi ne, sanin yadda shanya ke aiki na iya rage wa gida asara.

Me ke busar da kaya?

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa: zafi, bushewar iska, kaɗawarta, da yadda aka baza tufar. Zafi ke mai da ruwan da ke cikin zare ya zama tururi. Iska ke karɓar tururin, amma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. In ta riga ta cika da laima, kamar ta bakin teku, ba ta da wurin ƙari. In kuwa busasshiya ce, sai ta zuƙe ruwan nan da nan. Kaɗawa ita ke kore iskar da ta jiƙe a jikin tufa, ta kawo sabuwa. Bazawa kuma ita ke ba ruwan hanyar fita, shi ya sa zanen da aka ninka biyu a kan igiya ke daɗewa fiye da wanda aka ware.

Ingal, mai tazarar kimanin kilomita 160 a mota yamma da Agadas, ta haɗa duka huɗun. Jihar Agadas na cikin wuraren da suka fi samun rana a duniya, sama da awa 3,000 a shekara. A watannin Maris da Afrilu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a Kwatano tana kewayen kashi 80 kusan duk shekara. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma zafin tsakar rana kan haura digiri 40.

Mutanen Ingal sun daɗe da sanin wannan aiki na rana, don da shi suke cin abinci. A Tigidda-n-Tesumt, kimanin kilomita 80 arewa da garin, masu gishiri kan kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, su tace ruwan zuwa ƙananan ramuka, su bar wa rana sauran aikin. Ruwa ya tashi, gishiri ya zauna. Abin da ke faruwa a ramin gishiri shi ne ke faruwa a kan igiyar shanya.

Aikin da rana ke yi kyauta

Busar da kaya na cin ƙarfi fiye da yadda ake zato. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi, sai ta sha zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kilowat-awa ɗaya, wato ma'aunin da kamfanin lantarki ke lissafin kuɗin wuta da shi. Yadin auduga da aka matse da hannu kan riƙe ruwa kusan nauyinsa. Ke nan wankin kilo 5 na ɗauke da ruwa kusan lita 5, kuma fitar da shi na bukatar sama da kilowat-awa 3. Wannan ya isa ya kunna talabijin mai cin wat 100 fiye da awa 30. Gidan da ke wanki sau biyu a mako na karɓar wannan kyauta fiye da sau ɗari a shekara.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda gidaje da yawa ke da injin busar da kaya, ana biyan wannan a takardar kuɗin wuta. A Amurka ma akwai unguwannin da ƙungiyoyin masu gidaje suka hana ɗaura igiyar shanya a waje, wai tana ɓata kyan unguwa, har sai da wasu jihohi, irin su Fulorida da Bamont, suka kafa dokar da ta ba kowa ƴancin shanya kayansa a rana. Ta Bamont an yi ta ne a shekarar 2009.

Akwai kuma ribar da ake ji a jiki. Tururin da ke tashi yana tafiya da zafi, shi ya sa wanda ya ratsa tsakanin jiƙaƙƙun zannuwa da tsakar rana kan ji sanyi-sanyi a fuska. Da wannan hikimar ce tulu da salka ke sanyaya ruwa, da ita ce kuma direbobin hanyar Tawa ke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu.

Ƙamshin da ba na sabulu ba

Kowa ya san ƙamshin tufar da aka kwaso daga rana, kuma da yawa na ɗauka na sabulu ne. A shekarar 2020, masu bincike a jami'ar Kofanhagan ta ƙasar Danmak, ciki har da Silvia Pugliese, sun wallafa sakamakon wani gwaji a kan haka. Sun wanke tawul na auduga da ruwa zalla, suka shanya wasu a cikin ɗaki, wasu a waje cikin inuwa, wasu a rana. Waɗanda suka bushe a rana sun fitar da wasu sinadarai masu ƙamshi da ake kira aldehid da keton, irin waɗanda ake samu a tsirrai da cikin turare. Haɗuwar hasken rana da jiƙaƙƙen zare ce ke samar da su.

Warin da ke kama kayan da suka daɗe ba su bushe ba shi ma yana da dalili. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani ne ke hayayyafa a cikin danshi, suna cin ragowar zufa da maiƙon jiki. Saurin bushewa na hana su wannan dama. Ban da haka, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, mai lalata ƙwayoyin cuta. Tun a 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana su yaɗuwa. Wannan hasken ne kuma ke ƙara wa farar tufa fari, ya dusar da tabon da ya rage a ƙyallen jariri.

Amma rana na da iyakarta. Haskenta ba ya ratsa tufa mai kauri ko wadda aka ninka, kuma ba ya maye gurbin sabulu. A gidan da ƙazwa ko ƙwarƙwata ta shiga, shanya kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ruwan zafi da guga, an kuma je likita neman magani. Ta fuskar ibada ma, a mazhabar Malikiyya ruwa ne ke gusar da najasa daga tufa, bushewa ba ta tsarkake ta.

Inda rana ke ɓarna

Hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta shi ne ke karya rini, in ya daɗe kuma ya raunana zaren kansa. Atamfar da aka saya da tsada kan koɗe cikin ƴan watanni idan kullum ana barin ta a rana daga safe har la'asar. Maganin abin mai sauƙi ne: fararen kaya a rana, masu launi da baƙaƙe a juya cikinsu waje a rataye su a inuwa. A wuri irin Ingal inuwa ba ta hana bushewa, don busasshiyar iska ce ke yin mafi yawan aikin. Da zarar kaya sun bushe kuma a kwashe, domin duk lokacin da suka ƙara a waje asara ce kawai. Ba banza ba Bahaushe ke cewa “an shanya ni” idan aka bar shi yana jira ba dalili.

Shadda ma inuwa ta fi so, don ta riƙe launi da sheƙinta. Turkuɗi kuwa, wanda marinan Kura ta ƙasar Kano ke rinawa da baba su buge shi har ya yi walƙiya, wanda Abzinawa ke naɗawa ranar biki, masu shi sun san ba a kai shi kusa da ruwa. Akan kakkaɓe shi, a sha masa iska a inuwa, a ninke a ajiye.

Sangen sauro mai magani shi ne wanda aka fi yi wa kuskure. Zafin rana da haskenta na rage ƙarfin maganin da ke jikinsa. Shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a wanke shi a hankali da sabulu na gari, ba a cuɗa da ƙarfi, a shanya shi a inuwa. Sangen da aka gasa a rana yana nan kamar sabo a ido, amma sauro ya daina jin tsoronsa.

Ƙura, ƙaya da akuya

Kowane lokaci na shekara da irin matsalarsa. Da hunturu, iskar arewa maso gabas na zuwa da hazo, kuma takan ƙarfafa daga hantsi zuwa tsakar rana, ta lafa da yamma. Jiƙaƙƙiyar tufa na kama ƙura fiye da busasshiya, don haka gara a yi shanyar da sassafe ko bayan la'asar, a gefen katangar da ke tare iska. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, mai shanya ya riƙa duban gabas, don daga can hadari ke tasowa, kuma sau da yawa holoƙo ke riga ruwa isowa. Minti biyar na jar ƙura sun isa su mai da wankin yini baya, a sake neman ruwa da sabulu.

Shanya a ƙasa, wadda aka saba da ita a bakin rijiya da cikin ƙorama, tana da saurin bushewa saboda zafin rairayi, amma tana da haɗari. Ƙarangiya na maƙalewa a zare, kunama na son ɓuya ƙarƙashin abu mai sanyi, akuya kuma ba ta raina gefen zane. A yankunan kudu masu laima akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwansa a kan kayan da aka baza a ƙasa cikin inuwa, tsutsar ta shiga fatar mutum ta zama kamar maruru. Zafin dutsen guga na kashe ƙwan. Igiya mai tsayi da ƴan maƙalai na raba mutum da mafi yawan wannan. In wayar ƙarfe ce, a goge ta da tsumma kafin a rataya, saboda tsatsa ba ta fita daga farar riga.

Wannan na ƙara muhimmanci a watan Satumba, lokacin bikin lasar gishiri da aka fi sani da Cure salée, sa'ad da Abzinawa da Fulani Woɗaɓe da baƙi daga Yamai da sauran jihohi ke cika garin. Wanki na ƙaruwa, dabbobi na ko'ina, ƙafafunsu na ta da ƙura, damina kuma ba ta gama sallama ba.

Me ya sa tawul ke ƙandarewa?

Da yawa na kukan cewa kayan da suka bushe a rana kan yi tauri kamar fata. Masu bincike a jami'ar Hokkaido ta Japan, tare da kamfanin Kao, sun bayyana a 2020 cewa wani ɗan ruwa da ke liƙe a jikin zaren auduga ne ke haɗe zaruruwan kamar gam. Girgiza na karya wannan haɗi, don haka a kaɗa tufa da ƙarfi kafin a rataya, a sake kaɗawa bayan an kwashe. Inda ruwan rijiya ke da zartsi abin ya fi tsanani, domin gishirin na zama a cikin zare bayan ruwan ya tashi, ya bar farin zane a kan baƙar tufa. Irin wannan ruwa ba ya barin sabulu ya yi kumfa sosai, sai mai wanki ya yi ta ƙarawa, ragowar sabulun kuma ta ƙara taurin. Idan akwai ruwan daɗi kaɗan, a ajiye shi don ɗaurayar ƙarshe. Ruwan ɗaurayar kuma ba na zubarwa ba ne, yana iya jiƙa wanki na gaba ko a yayyafa shi a tsakar gida ya kwantar da ƙura.

Kayan da kunya ke ɓoyewa

Akwai kayan da suka fi kowanne bukatar rana, amma su ne ba sa ganinta: kayan ciki, da ƙyallen da mata da ƴan mata ke amfani da shi lokacin al'ada. Saboda kunya, akan shanya su a ƙuryar ɗaki, bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa, a kuma mai da su jiki da sauran danshi. Hakan na iya jawo ƙaiƙayi da ciwon fata. Masu wayar da kai kan lafiyar mata na ba da shawarar a wanke su da sabulu, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Kunya da lafiya na iya tafiya tare: a ɗaura ƴar igiya a sashen mata, ko a rufa siririn mayafi a kai, wanda zai kare ido ba tare da ya tare iska da zafi ba. Uwa ce ta fi dacewa ta koya wa ɗiyarta wannan tun farkon balaga, domin rigakafi ya fi magani.

Ranar Ingal ba ta neman ko dala daga mai wanki. Abin da take bukata shi ne igiya mai tsabta, a san abin da za a ba ta da abin da za a kai inuwa, a kuma kwashe kaya a kan lokaci. Wanda ya kiyaye wannan, atamfarsa za ta kai sallar baɗi da launinta, sangensa kuma ya ci gaba da korar sauro har ƙarshen damina.