Daga Bariki Zuwa Asibitin Gari: Jagora Ga Sojan Jinya

Kowace shekara akan sallami sojoji da dama waɗanda suka yi aiki a sashen kiwon lafiya na rundunar soja. Mutanen nan sun iya tsai da jini, da ɗaurin karaya, da wankin rauni, da ɗaukar majinyaci daga fagen fama. Asibitocin ƙasar nan, musamman na karkara, suna da matuƙar bukatar irinsu. Amma akwai sharaɗi guda wanda ya wajaba kowa ya sani: gwaninta ita kaɗai ba ta ba mutum ikon yin aikin nas a gari, sai da rajista.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ita ce ta kafa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya. Majalisar nan ce ke amincewa da makarantun jinya, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita kuma ke ba da lasin. Duk wanda ya kira kansa nas alhali ba sunansa a littafinta, ya karya doka, kome daɗewarsa cikin kaki.

Wanda Ya Riga Ya Yi Rajista

Sojan da ya gama makarantar da Majalisar ta amince da ita, kamar kwalejin jinya ta soja da ke Yaba a Legas, ya kuma ci jarrabawa, matsayinsa ɗaya da na kowane nas. Abin da ya rage masa shi ne ya sabunta lasinsa, ya nemi aiki.

Wanda Bai Yi Ba

Wanda kuwa horonsa bai wuce na taimakon gaggawa ba, sai ya koma makaranta. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne. Akwai kuma aikin malamin lafiya na karkara, wanda ake koyo a kwalejojin fasahar kiwon lafiya, ƙarƙashin wata hukuma dabam da aka kafa a 1992.

Shiri Kafin Sallama

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kada soja ya bari sai ya tuɓe kaki. Ya tattara takardun shaidar kowane kwas da ya yi, ya karɓi wasiƙar shaida daga babban likitan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya cike darussan da ya rasa tun yana bariki. Kafin ya biya ko kwabo, ya tabbata makarantar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, domin takardar makarantar da ba a amince da ita ba ba ta kai mutum ga rajista.

Wanda ya bi wannan hanya zai ci gaba da bauta wa ƙasarsa cikin mutunci, ya kuma ci halalinsa.