Sinadarin Teflon: Haɗarin da ke tattare da rufin da ba ya kama abinci

A gidaje da dama na biranen Najeriya, kaskon suya mai baƙin rufi mai santsi ya maye gurbin tsohon kaskon ƙarfe, domin ƙwai ko doya ba sa manne masa, ga shi kuma ba ya shan mai da yawa. Wannan rufi wani nau'in roba ne da masana ke kira PTFE a taƙaice, wanda aka fi sani da sunan kasuwa na Teflon. Amfaninsa ya wuce ɗakin girki. Masana'antu na shafa shi a cikin bututu, da famfunan tura sinadarai, da wayoyin lantarki, da injinan sarrafa abinci, har da kayan aikin man fetur da iskar gas. Sai dai tarihin yadda ake sarrafa shi ya bar tabo a ruwan sha da jinin miliyoyin mutane, lamarin da ya sa ƙasashe ke sake nazarin matsayinsa.

Asalinsa da sirrin ƙarfinsa

Wani masanin haɗa sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Roy Plunkett, shi ne ya gano PTFE a watan Afrilun 1938, ba da gangan ba. Yana binciken iskar sanyaya firiji ne sai ya tarar iskar da ya adana cikin wani tulun ƙarfe ta daskare, ta koma farin gari mai sulɓi. A shekarar 1954 wani injiniya ɗan Faransa, Marc Grégoire, ya gano dabarar liƙa shi a jikin sanholo, daga nan aka samu tukwanen Tefal.

Ƙarfin PTFE ya samo asali ne daga ƙullin da ke tsakanin ƙwayoyin kabon da na fulorin, wanda yake cikin mafiya ƙarfi a fannin haɗa sinadarai. Ruwa ba ya jiƙa shi, asid ba ya cin sa, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 327 a ma'aunin Salshiyos. Wannan juriya da ta ba shi farin jini ita ce kuma tushen matsalarsa, domin rana da ruwan sama da ƙwayoyin halittar ƙasa duk ba sa iya ruɓar da shi. Yana cikin babban dangin sinadarai dubbai da ake kira PFAS, waɗanda aka yi wa laƙabi da sinadaran har abada.

Abin da ya faru a Parkersburg

Masana sun yi ittifaƙin cewa PTFE kansa, muddin bai sha zafi mai tsanani ba, ba ya shiga jini cikin sauƙi. Babbar illar tana wajen sarrafa shi. Tun daga 1951, masana'antar DuPont da ke kusa da garin Parkersburg a jihar West Virginia ta riƙa amfani da wani sinadari mai suna PFOA, ko C8, wajen haɗa Teflon, tana kuma sakin ragowarsa cikin iska da kogin Ohio da ramukan juji.

Asiri ya fara tonuwa ne lokacin da shanun wani makiyayi da ke maƙwabtaka da jujin kamfanin suka riƙa mutuwa, lauya Rob Bilott ya shigar da ƙara a 1999. Shari'ar da ta biyo baya ta kai ga kafa kwamitin masana masu zaman kansu, wanda ya yi nazarin jinin mutane kusan 69,000 na yankin. Zuwa 2012 kwamitin ya bayyana cewa akwai yiwuwar alaƙa mai ƙarfi tsakanin PFOA da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, cutar tayiroid da ke wuya, gyambon babban hanji, hawan jini ga masu juna biyu, da yawan kitsen kolestarol a jini. A 2017 DuPont da kamfanin Chemours da ya ɓalle daga jikinsa suka amince da biyan dala miliyan 671 domin sasanta ƙararraki sama da 3,500.

PFOA na daɗewa a jikin ɗan'adam, sai an yi shekaru biyu zuwa huɗu kafin jiki ya fitar da rabin abin da ya shiga. Yana kuma iya ratsawa daga uwa zuwa ɗan tayi, da kuma ta nono. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta sanya shi cikin rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga mutane.

Hayaƙi da ɓarɓashi

Hanya ta biyu da haɗarin ke bi ita ce zafi. Rufin PTFE na fara lalacewa idan ya haura digiri 260, kuma kaskon da aka bari babu komai a kan wutar gas mai ƙarfi na iya wuce hakan cikin 'yan mintoci. Hayaƙin da ke tashi na jawo zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kai da ƙuntatar ƙirji, waɗanda kan bayyana bayan 'yan sa'o'i, har mutum ya zaci mura ce. Tsuntsaye kuwa, saboda raunin huhunsu, hayaƙin na iya kashe su nan take.

Wannan gargaɗi ya fi shafar ma'aikata: masu walda a jikin bututun da aka yi wa rufin, da masu fesa shi a masana'antu, da maƙeran da ke narka tarkacen sanholo domin zuba tukwane. Sanholo ba ya narkewa sai a digiri 660, saboda haka duk tsohon kaskon Teflon da ya shiga tukunyar narki sai rufinsa ya ƙone ya zama hayaƙi mai guba. Haka abin yake a bola da ake cinna wa wuta. Rusa irin waɗannan sinadarai gaba ɗaya na buƙatar tanderu na musamman mai zafin da ya zarce digiri 1,000. Bayan haka, rufin da ya kankare na zubar da ƙananan ɓarɓashin roba cikin abinci da ruwan wanke-wanke.

Matakan da duniya ke ɗauka

A 2006 hukumar kare muhalli ta Amurka ta cimma yarjejeniya da manyan kamfanoni takwas kan su daina amfani da PFOA zuwa 2015. A 2019 aka sanya shi cikin jerin sinadaran da za a kawar a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm, wadda Najeriya ta amince da ita tun 2004. A watan Afrilun 2024 Amurka ta ƙayyade cewa kada PFOA ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. A Turai kuwa, Jamus, Holan, Denmak, Norwe da Suwidin sun gabatar da buƙata a 2023 ta taƙaita dangin PFAS baki ɗaya.

Duk da haka, tsugune ba ta ƙare ba. Sinadarin GenX da aka maye gurbin PFOA da shi, shi ma an gano shi a kogin Cape Fear na jihar North Carolina, inda ya gurɓata ruwan shan al'umma. Ke nan rubutun da ke cewa babu PFOA a jikin kwalin tukunya ba ya nufin babu sauran 'yan uwansa a hanyar sarrafa ta.

Abin da ya kamata a kiyaye

A gida, kada a bar kaskon Teflon a kan wuta babu komai a ciki, a yi girki da matsakaiciyar wuta, a kuma buɗe taga. A yi amfani da cokalin katako maimakon na ƙarfe, a guji goge shi da soson ƙarfe, sa'annan a daina amfani da shi da zarar rufin ya fara ɓarewa. Don suya mai zafi ƙwarai, kaskon baƙin ƙarfe da tukunyar silba sun fi dacewa, tukunyar ƙasa ma na nan da amfaninta.

A wuraren aiki, wajibi ne a samar da hanyar fitar hayaƙi, a kuma ware kayan da ke da rufin kafin a narka ƙarfe. Kasancewar mafi yawan waɗannan kayayyaki daga waje ake shigo da su, nauyin tantance ingancinsu da sa ido kan yadda ake zubar da shararsu ya rataya ne a wuyan hukumomi irin su SON da NESREA, tare da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.