Me Za A Shafa Wa Mota Don Kare Fentinta A Abuja?

Duk wanda ya yi sammako a Kubwa, ko Nyanya, ko Lugbe cikin watan Janairu, ba ya rasa ganin wani abu guda a ƙofar kusan kowane gida mai mota. Maigida yana ciki yana shirin fita ofis, yaron gida ko maigadi kuwa yana waje da tsumma a hannu, yana ta kaɗe ƙurar da ta kwana bisa motar, sa'an nan ya bi ta lungu lungu yana dirzawa har sai ta yi ƙyalli. Maigida ya fito ya tarar da mota fes, ya sa albarka, ya shiga ya kama hanya. Abin da bai sani ba shi ne, a ɗan wannan lokaci an yi wa fentin motarsa ɓarnar da ta fi wadda rana za ta yi masa daga safe har magariba.

Wannan magana ba ta masu son ado ba ce kaɗai. Tun daga shekarar 1991, da aka ɗauke mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko aka dawo da shi Abuja, birnin ya zama wurin da mafi yawan ma'aikata ke kwana nesa da wurin aikinsu, saboda haka mota ta zama kamar ƙafa. Bayan da darajar Naira ta faɗi a shekarar 2023, kuɗin mota ya yi tashin da ƙaramin ma'aikaci ba ya ko mafarkin sake wata nan kusa. Wadda ke hannunsa ita ce dukiyarsa. Ranar da larura ta sa ya kai ta kasuwa kuwa, abin da dillali zai fara dubawa shi ne ko fentin kamfani ne a jikinta, wato abin da suke kira "fas bodi", ko an taɓa sake shi. Tsakanin biyun nan akwai kuɗi mai yawa.

Don haka ba abin mamaki ba ne da masu sana'ar shafe-shafen mota suka yawaita a birnin. Kowa da abin da yake talla: wannan ya ce kaki, wancan ya ce seramik, wani kuma ya ce sai an lulluɓe motar da leda. Kafin mutum ya zaro kuɗinsa, ya kamata ya san abin da ake so a kare, da kuma abin da ake kare shi daga gare shi.

FENTIN DA ABOKAN GABANSA

Tsofaffin direbobi za su tuna da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Yawancin motocin wancan zamani, in fentinsu ya dushe aka sa man gogewa aka dirza, sai a ga launin motar ya fito a jikin tsumma, ita kuwa ta dawo kamar sabuwa, domin launin da ƙyallin duk a shafi ɗaya suke. Motocin yanzu ba haka suke ba. A kan ƙarfe akwai shafin hana tsatsa, sai shimfiɗar da ke riƙe launi, sai launin kansa, sa'an nan a sama duka akwai wani shafi garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana kada ya cinye launin. Dukkan waɗannan in aka haɗa su, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba. Maikiron ɗaya kuwa shi ne in an raba milimita gida dubu aka ɗauki ɗaya. Shi shafin saman nan, nasa rabon maikiron 40 ne zuwa 50, wato bai kai kaurin silin gashin kan mutum ba. Wannan ɗan abu shi ne duk rigar motar. In ya ƙare, sai a ga rufin mota da murfin inji sun yi fari-fari suna saɓulewa kamar fatar maciji, kuma daga nan babu wani magani sai sabon fenti.

Babban abokin gabansa a Abuja ita ce ƙurar hunturu. Daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ta daga Hamada, da yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Cadi, ta zo ta zuba mana. A ido kamar gari take, amma a cikinta akwai ɓarɓashin dutsen nan na cikin yashi da masana ke kira kwaz, wanda ya fi gilashi tauri. Muddin tana kwance bisa mota ba ta yin wani abin kirki. Sai an sa busasshen tsumma an ja ta, sa'an nan kowace ƙwaya ta zama kamar bakin allura. Wanda ke shakka ya tsaya gefen baƙar mota da tsakar rana ya duba: waɗannan zane-zane masu kama da saƙar gizo-gizo da ke kewaya hasken rana a jikin ƙofa, duk aikin tsumma ne.

Sai rana. A watannin Fabrairu da Maris zafin Abuja yakan haura digiri 35, jikin baƙar mota da ta yini a filin ajiye motoci na Sakateriyar Tarayya kuwa yakan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Mai mota ya gudu daga rana ya fake ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, nan kuma kashin tsuntsu da ƙaron itace na jiransa, kuma kashin tsuntsu in ya bushe a kan fenti mai zafi yakan ci shi ya bar tabo. Ga tsakuwar da ke zubowa daga tifofin da ke sauko da dutse daga Mpape, ga ta hanyar Kaduna da ta Lokoja da ta Keffi. Ga kuma ruwan burtsatse, wanda in ya bushe a jikin mota cikin rana yakan bar ɗigo-ɗigon fari masu wuyar fita.

ABIN DA KE KASUWA

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne kaki. Mai kyaunsa ana haɗa shi da wanda ake samu daga ganyen wani itace mai kama da giginya a arewa maso gabashin ƙasar Barazil, sunansa karnuba. Yana da araha, mutum na iya shafa shi da kansa ran Asabar da safe a inuwa, kuma yana ba da ƙyalli mai daɗin gani. Aibinsa shi ne rashin daɗewa. A zafi irin namu, makonni kaɗan ne ko wata biyu ya tafi, in kuwa da garin sabulun wanki ake wanke motar, to, wanki ɗaya ko biyu ya ishe shi. Akwai ɗan'uwansa da ake haɗawa a masana'anta daga sinadarai, wanda ya fi shi jure zafi, yakan kuma kai wata huɗu zuwa shida. Ba a cika yi masa talla ba, domin ribarsa ba ta da yawa, amma a ganina shi ne ya fi dacewa da aljihun yawancin mutane.

Wanda ake ta yayi yanzu shi ne seramik. Ruwa ne a 'yar ƙaramar kwalba, wanda in an shafa shi ya sha iska sai ya daskare ya manne da fenti, ya zama wani siririn shafi mai santsi. Amfaninsa gaskiya ne: datti ba ya kama shi sosai, wanki yana sauƙi, kashin tsuntsu ba ya saurin cin fenti, kuma mai kyaunsa, in gwani ya shafa, yakan yi shekara biyu ko fiye. Amma a nan ne aka fi yaudarar jama'a. Za a nuna wa mutum kwali an rubuta 9H, a ce masa motarsa ta zama kamar lu'ulu'u, ko ƙusa ba ta zana ta. Wannan lamba ma'aunin taurin bakin fensir ne, irin wanda ɗalibai suka sani da HB da 2H, ma'anarta kawai fensir mafi tauri bai zana shi ba a wurin gwaji. Ƙwayar yashi ta fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba. Kaurin shafin kuma bai cika wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Yaya abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na gashi ba zai tare tsakuwar da tifa ta harbo? Har ila yau, da yake yana tara ruwa ya zama ƙwaya-ƙwaya, in aka wanke motar da ruwan burtsatse aka bar ta ta bushe a rana, ɗigon farin nan yakan fito a kansa ƙwarai.

Abin da ke tare tsakuwa shi ne ledar nan mai kauri, garai-garai, da ake mannawa a jikin mota. Asalinta daga aikin soja ne: kamfanin 3M na Amurka ya yi ta lokacin yaƙin Biyetnam don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tarkace. Kaurinta ya kai maikiron 150 zuwa 200, wato ta fi fentin motar duka kauri, kuma mai kyaunta in ta sami ƙananan zane sai zafin rana ya shafe su. Sai dai ita ce mafi tsada, kuma a nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi zama gaskiya. Ta banza takan yi ruwan ɗorawa cikin shekara guda ko biyu, ta tsattsage, ta kuma bar danƙo mai wahalar kankarewa. Wanda ke yawan bin hanyar Kaduna ko ta Lokoja ba dole ne ya lulluɓe motar duka ba. Ya sa a gaba kawai, wato bamba, da bakin murfin inji, da bayan madubai, domin nan ne tsakuwa ke sauka.

KAFIN A BIYA KUƊI

Akwai wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba, shi ne cewa duk waɗannan abubuwa rufi ne kawai, abin da suka tarar shi suke rufewa. In an shafa seramik a kan fenti mai zane, to, an kulle zanen a ciki na tsawon shekaru. Shi ya sa aikin gaske yake farawa da wanki, da cire abin da ya manne, da goge fentin da inji har ya yi sumul, kuma wannan shiri shi ne ke cin yini guda ko biyu, shi ne kuma ke cin yawancin kuɗin. Ni kaina na taɓa ba wani motata a bakin hanya, ya ce zai yi mata seramik kafin in idar da sallar La'asar. Ya kuwa cika alkawari. Ba a yi wata biyu ba ruwa ya daina zamewa a jikinta, na koma wurin na tarar ko rumfarsa babu. Laifina ne, gama na san abin da ke bukatar ɗaki mai rufi, marar ƙura, da kuma yini guda ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, ba a yin sa a gindin bishiya cikin hazo.

Amma shi ma gogewa da inji a yi hattara da shi, domin kowane gugu yana rage kaurin shafin saman nan ne, ba ya kuma tofowa. Ma'aikacin kirki yana da 'yar na'urar auna kaurin fenti, zai kuma auna kowane sashe kafin ya ɗora inji. In ba shi da ita, a nemi wani.

Wannan awo ya fi muhimmanci ga masu motocin Kwatano, waɗanda su ne suka fi yawa a titunanmu. Da yawansu sun yi haɗari a can ƙasashen waje aka sayo su da araha, aka gyara jikinsu a Ikko ko a garejojin Apo, aka cike lotsawar da fila, aka fesa fenti. Inda aka yi haka na'urar za ta nuna kauri ninki biyu ko uku. Wanda ba shi da na'ura ya naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ya bi jikin ƙofofi da shi, inda fila ta yi kauri zai ji ba ya kamawa sosai. Irin wannan wuri in aka manna masa leda, ranar da za a ɓare ta tana iya tahowa da fentin. Wanda kuma bai daɗe da fesa sabon fenti ba, ya dakata wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa har ciki kafin a rufe shi da kome.

To, wanne mutum zai zaɓa? Mai sabuwar mota mai tsada, wanda kuma yake da niyyar riƙe ta shekaru, leda a gaba da seramik a sauran jiki ba asara ba ne. Ma'aikacin da ke jan tsohuwar Corolla daga Mararaba zuwa Garki kullum, ya sayi na sinadaran nan ya shafa sau biyu a shekara, ɗaya cikin Oktoba da ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, ɗaya cikin Afrilu da faɗuwar damina. Ragowar kuɗin ya kafa 'yar rumfar kwano a gida, domin inuwa ta fi kowace kwalba aiki. Wanda fentinsa ya riga ya fara saɓulewa kuwa, kada ya bari kowa ya karɓi kuɗinsa da sunan shafi, wurin mai fenti zai nufa.

Kowanne aka zaɓa, sai an koma kan yaron nan da tsummansa, domin seramik mafi tsada ma in ana dirzarsa a bushe kowace safiya ba zai kai ƙarshen hunturu da ƙyallinsa ba. A koya masa ya fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka da kanta, kafin hannu ya taɓa motar. A ba shi bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye ƙyalle, a ware ƙyallen taya daban, a wanke a inuwa, a tsane da tawul mai laushi kafin ruwan ya bushe. Ranar da babu ruwa a unguwa, abin da ba baƙo ba ne ga mazauna kewayen birnin, a wanke gilashi da fitilu da ɗan abin da aka samu, a bar sauran ƙurar a inda take sai ran da mai ruwa ya zo.